Farar Ƙafa a Mazlagan Abhur

Nuzla, Jidda
Ranar Asabar

Zuwa ga maigidana Badaru, Abu Lama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin? Ya ƙafar? Ina fata mai ɗorin nan na garinku ya iya aiki kamar yadda Inna take ta yabonsa. Ka gaishe min da ita, ka ce ina durƙusawa har ƙasa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da kewarka. Lama ta fara cewa Baba, amma fa kada kanka ya kumbura, har mai kawo gas Baba ne a wurinta.

Kada ka yi dariyar rubutuna. Ka san karatuna bai yi nisa ba, Hausar bokon ma a jawwal, ya'ni waya, na koye ta wurin hira. Dole ce ta sa na ɗauki biro. Wancan saƙon murya da na tura wa ƙaninka Abba ya kai maka, ashe a tsakar gida ya kunna shi, Inna da kowa suka ji ina ce maka habibi. Fadiha! Halas na daina. Yanzu a takarda zan riƙa rubutawa in ɗauki hoto in tura masa, ranar kasuwa in ya shigo ƙauye ya miƙa maka wayar. Abba, in kai ne kake karantawa, tsaya nan, ban yafe ba.

Ina nan ina fita da shayi da masa duk Juma'a da Asabar, a wurina na kullum, gefen mazlagan inda ake gangara jirage cikin ruwa. Mai ƙanƙara ne yake rage min hanya yanzu da ba ka nan.

Abu Lama, akwai maganar da ta tsaya min a wuya. Ka ce in bar wa Allah, na bar masa, amma ai shi ya ba ni ido. Ranar nan ina tsaye na ga komai. Layi ya kai titi, kowa da jirginsa a bayan mota, ana ta hon kamar za a tashi duniya. Kana cikin ruwa iya gwiwa a bayan tirela kana kwance ƙugiya. Zaharadden, wanda ya dinga bin ka har gida yana cin tuwona yana roƙon ka koya masa teku, shi ka bari a sitiyari. Kowa a mazlagan ya san doka, mai mota ba ya motsi sai na baya ya bugi jikin jirgi da tafin hannu. Ba ka buga ba. Wani mai jip ya danna masa hon ya zage shi, ya rikice ya yo baya. Har yau ina jin ƙarar ƙashin nan a kunnena.

Ga abin da ba ka sani ba, don an riga an ɗauke ka. Kafilinka Amm Abdulghaffar, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar nan, yana can wurin karɓo izinin fita teku, bai ga komai ba. Da ya dawo sai Zaharadden ya ce masa ka buga, kuma wai waya kake yi da matarka shi ya sa ba ka kauce ba. Ni! Ni da hannuna biyu suke kan tanda! Na je na gaya wa tsohon gaskiya, ya ce, "Ya binti, kowace mace bayan mijinta take bi." Ya sha shayinsa ya wuce.

To ga inda aka kai yanzu. Shi yake jan motar, shi yake fita kamun kifi da tsohon, har hularka ta rana yake kifawa a kansa. Jiya kuma ƙawata Hikima ta ce min ya fara lallashin Amm ya mayar da kafalarsa wurinsa, tunda nasa kafilin ya rufe shago. Ka san tsohon ba zai riƙe direba biyu ba. In bai sabunta maka bizar dawowa ba kafin ta mutu ƙarshen watan gobe, iƙamarka, takardar zamanka, ta tafi ke nan, kana Yawuri ina Nuzla. Ni da ko Kano ban taɓa gani ba sai a TikTok, ina zan sa kaina da 'yar nan?

Wallahi ba zan naɗe hannu ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ka ci abinci, kuma kada ka taka ƙafar don a ce kai jarumi ne.

Taka har kullum,
Sajida


Nuzla, Jidda
Ranar Lahadi

Abu Lama, nur idona,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata ka tashi lafiya, kumburin ya sauka, Inna da sauran mutanen gida duk suna ƙalau. Na ji daɗi marra da Abba ya ce ka fara zama da kanka. Lama ta yi ɗan zazzaɓin haƙori amma ya wuce.

Na ga amsarka, wai ramin mugunta a gina shi gajere. Ɗayyib, na ji. Nawa ai ba rami ba ne, bidiyo ne kawai.

Bari in ba ka labari. Kai da bakinka ka sha gaya min in ruwa ya ɗumame kifin dirak yana nutsewa ƙasa, ko ka yini kana majrur, ya'ni kana tafiya sannu-sannu kana jan ɗan kifin roba a bayan jirgi, banzin, ya'ni fetur, kawai za ka ƙona. To haka ake ciki. Duk wanda ya fito daga ruwa fuskarsa a ɗaure, akwatin ƙanƙara ba komai sai ruwan sha. Kowa haka. Amma ni akwati ɗaya tal nake ɗauka a waya. Da zarar na hango jirgin Amm ya doso, sai in bar tanda in je da tiren shayi, in Zaharadden ya buɗe akwati zai zubar da ruwa, in ɗauka, in saka a manhajar Sinab. Ba na rubuta komai sai "Yau ma alhamdu lillah." Ƙarya na yi?

Ka san yadda layin nan yake. Mutum ya yi awa yana jira a kai kansa, ba abin yi sai shan shayi da latsa waya da neman wanda za a ci namansa. Meshari, ɗan gayun nan mai farin jirgi da bakin tsiya, shi ya fara tambayata me ya sa nake bin akwatin bawan Allahn nan. Na ce ba komai ya shekh, ni dai a wurinmu akwai abin da ake cewa farar ƙafa, mutumin da duk inda ya taka sai arziki ya gudu. Na ce amma camfi ne, kada ya ɗauka. Na ƙara da cewa ni dai na san ranar farko da ya zauna a sitiyari ƙafar mutum ta karye, kuma tun daga ranar jirgin bai ƙara ganin jinin kifi ba. Na zuba masa shayi na koma kan masata.

Habibi, kafin azahar maganar ta zaga duk gurub ɗin masu majrur. Su manhus suke cewa, amma sun fi son namu, sai ka ji ƙaton Balarabe yana cewa "fara kafa, fara kafa." Allah kuma ya taimake ni. Washegari Meshari ya ce shi zai gwada, ya ɗauki Zaharadden a nasa jirgin. Wai wani ƙaton kifi ya kama, makinar naɗe zare tana ta kuka, Zaharadden ya kai hannu zai taya, zare ya tsinke, kifi ya tafi da ɗan robar da Meshari ya fi so. Ka ga wannan ba ni na yi ba.

Yanzu ba mai barin ya taɓa masa tirela. In ya doso wuri sai ka ga ana rufe akwati ana motsa baki. Wani dattijo har guga ya sa ya wanke inda ya taka a jirginsa. Ina juya masa a tanda ina dariya a cikin niƙabi har hawaye.

Sai dai tsohon naka taurin kai gare shi. Ya ce wannan haramun ne, babu wani mai farar ƙafa, arziki na Allah ne. Amma na gan shi yana tofa Falaƙi da Nasi a kan sandunan kamun kifi yana waige-waige. Kuma a gaban mutane ya yi bakance, ya ce dirak na farko da Allah ya ba su, nan a mazlagan zai yanka shi ya raba sadaka. Abin da ya tayar min da hankali shi ne abin da ya ƙara. Ya ce in suka kama kafin ƙarshen wata, to alama ce an zalunci mutumin nan, ranar zai mayar da kafalarsa wurinsa.

Ka ga yanzu zamanmu ni da kai ya rataya a bakin kifi. Ka taya ni addu'a ruwan nan ya ƙara zafi har ya tafasa.

Ka gaida Inna. Man zaitun da na aiko ka riƙa shafawa, ba na miya ba ne.

Matarka,
Sajida


Nuzla, Jidda
Ranar Alhamis da yamma

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk wanda ke kusa da kai. Ya ƙarfin jiki? An kwance karan ɗorin kuwa? Ka yi haƙuri wannan gajeriya ce, hannuna ƙarni yake yi, na wanke da lemon tsami har yanzu bai fita ba.

In gaya maka gaskiya, satin da ya wuce na kusa sakin maganar nan. Na ga Zaharadden zaune shi kaɗai a kan dutse cikin rana, ba mai ce masa ko sannu, duk ya rame. Zuciyata ta karye, ka san ni. Har na zuba shayi da madara zan kai masa. Ina zuwa kusa sai ya gyara zaman hularka, ya ce min, "Ya mai jikin? Ki gaya masa ya rage waya." Abu Lama, na tsaya a gabansa na shanye shayin nan tas duk da zafinsa, na dawo. Harshena bai warke ba har yau.

To ka ji abin da ya faru. Da safe Hikima ta kira ni tana haki. Ka san mijinta Bilal yana sayar da kifi a kasuwar Bangala. Wai Zaharadden ya je wurinsa a ɓoye, ya ce a ajiye masa dirak babba, sabon kamu, kada a fasa ciki, kada a taɓa ko ƙaya ɗaya, gobe Juma'a bayan asuba zai biyo ya ɗauka a buhu. Ya ce wai suna za a yi a gidansu. Wane suna? Matarsa ko ciki ba ta da shi! Kuma wa yake kai kifin suna da hanjinsa?

Na gane nan take. Ka san Amm, da ya ci fatur, ya'ni karin kumallo, a teku sai ya rufe fuska da shimagi, ƙyallen kansa, ya yi ta minshari. Lokacin Zaharadden zai maƙala wa mataccen kifi ƙugiya ya sake shi a bayan jirgi, ya tashi tsohon. Ka ga mutumin da ya ce ka buga jirgi alhali ba ka buga ba, wannan ƙaramin aiki ne a wurinsa.

Na so in kira Amm in gaya masa. Sai na tuna, kowace mace bayan mijinta take bi. To wannan karon ba ni zan yi magana ba, kifin zai yi.

Na goya Lama na hau mota sai Bangala. Bilal yana ganina ya ce shi bai ga kowa ba, alwala zai je yi, kuma alwalarsa tana daɗewa. Ma sha Allah kifin nan, ya kai tsawon hannuna biyu, jikinsa sai ƙyalli. Hikima ta buɗe masa baki, haƙora kamar reza, ni kuma na yi masa guzuri da ƙotar ludayi, tunda tafiya zai yi. Ba zan gaya maka ko mene ne ba sai jibi, don Abba gulma gare shi.

In abin ya ɓaci, ka yafe min. In ya yi kyau, kai ma sai ka yi rawa da ƙafa ɗaya.

Taka,
Sajida


Nuzla, Jidda
Ranar Asabar

Zuwa ga Abu Lama, direban Amm Abdulghaffar har gobe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, ina gaida mai ɗori, yau har Abba na gaishe shi, ya karanta in yana so. Ya ƙafar? Ka gyara zama ka jingina da bango, kada dariya ta gurɗa maka ita.

Jiya mazlagan ya cika fiye da kullum, masu fita suna rigima da masu shigowa, wani ya tare hanya yana ɗaure kaya a kan gangare, ana ta yalla yalla. Masata ta ƙone kasko biyu saboda idona yana kan ruwa. Wajen hantsi sai ga jirginku ya taho, Amm a tsaye a gaba yana ɗaga shimagi kamar ango. Tun kafin su iso yake ihu, "Ina masu cewa fara kafa? Ku zo ku gani!"

Aka jawo jirgin kan tudu, mutane suka bar motocinsu a layi suka yo caa. Zaharadden ya ɗaga kifin ta wutsiya, yana kallona yana murmushi. Tsohon yana ta ba da labari, wai yana ɗan hutawa sai ya ji makina ta yi ƙara, ya tashi ya ja. Ya ce abin mamaki kifin bai yi gardama ba sam, kamar an aiko shi. Meshari ya ce, "Mabruk ya Amm, amma idonsa kamar bai yi barci ba." Aka yi dariya, aka wuce wurin.

Sai Amm ya ce a kawo wuƙa, bakance bakance ne. Nan fuskar mutuminka ta ɗan sauya. Ya ce ai gara a kai gida a gyara da kyau, ana tare wa mutane hanya. Amm ya ce shi da Allah ya yi alkawari, a nan ya ce, a nan za a yi. Aka rasa wuƙa mai kaifi. Wa kake tsammani yake da ita, wasasshiya tun ranar Alhamis? Na miƙa da hannu biyu cikin ladabi.

Tsohon ya yi bisimilla ya tsaga cikin. Habibi! Magi ya fara faɗowa, da takardarsa, ya gangara a kan siminti. Sai attarugu ja jawur. Sai tafarnuwa ɓararriya. Sai wani magin. Wurin ya yi tsit, har masu hon suka daina. Amm ya ɗauki magin ya juya shi a hannu yana kallo. Meshari ne ya fasa shirun, ya ce, "Allahu akbar, ya jama'a ku duba da kyau, wataƙila akwai shinkafa a ƙasa!" Wallahi wani faɗuwa ya yi a ƙasa don dariya. Wani ya ce teku ta ci gaba, yanzu da kayan miya take sallamar mutum.

Amm bai yi dariya ba. Ya goge wuƙar a hankali, ya dubi Zaharadden ya ce, "Daga ina?" Zaharadden ya ce daga Bangala, muryarsa kamar ta sauro. Sai tsohon ya ce, "Ka tashe ni daga barci na ja gawa ina kabbara. Ɗayyib. Saura tambaya ɗaya, kuma ka ji tsoron Allah. Ranar nan, Badaru ya bugi jirgin ko bai buga ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce ba ka buga ba. Amm ya ce wayar fa? Ya ce ba waya.

Amm ya miƙa hannu, Zaharadden ya ajiye masa mukullin mota. Ni ma na miƙa nawa hannun. Ya dube ni bai gane ba, na nuna kansa. Hularka tana nan na jiƙa ta a omo, sai ta kwana uku kafin in yarda da ita.

Na ɗauki komai a waya amma ban saka ba. Kada ka ce tausayi ne, kafin in buɗe Sinab mutum ashirin sun riga ni.

An dai raba kifin, tunda Amm ya ce sadaka ba ruwanta da inda aka samo. Ni kan kifin na samu. Da mutane suka watse ya zo wurina ya ajiye magin a kan tire, ya ce, "Ya binti, wannan ya yi kama da kayan kicin ɗin wata." Na ce ya Amm, kifin zamani ne, komai haɗiya yake. Ya yi dariya har yana tari. Ya ce in roƙa masa gafararka, kuma a gabana ya ciro jawwal zai sabunta maka bizar. Ya tambaye ni har zuwa yaushe.

To a nan ne zan gaya maka abin da ba za ka so ba. Tun ana raba kifi na ji abin da ake cewa a layi. Wai ashe ƙafar Badaru ce mai albarka, tun da ta bar jirgin kifi ya ƙaurace wa Abhur gaba ɗaya. Meshari har ya ce ranar da ka dawo shi zai fara ɗaukarka, ko taka masa jirgi ka yi ka sauka. Duk mazlagan ƙafarka suke jira. Ruwa kuwa har yanzu kamar na wanka, na sa hannu na ji. In ka dawo yanzu kuka fita kuka dawo da akwati wayam, na san bakin mutanen nan, ni na wasa shi.

Don haka na ce wa Amm mai ɗori ya ce sai farkon sanyi. Ya sa haka. Na dawo gida na rufe ƙofa na yi kuka, don wallahi na ƙagu in gan ka ko da sanda kake dogarawa. Amma ka zauna. Ka sha romon Inna, ka yi ƙiba, kada in ji ka ce ka warke. Duk Juma'a zan riƙa tsoma hannu a ruwa. Ranar da na ji ya huce, dirak ya taso, zan aiko maka da saƙon murya, Abba ya kunna a tsakar gida kowa ya ji.

Lama tana gaishe ka, ta ci kan kifi har kunne. Ban ƙara masa magi ba.

Taka mai jiran sanyi,
Sajida